Daga gungumen kisa zuwa sarƙar wuya: tarihin gicciye

A shekarar 1968 wasu magina suna haƙa harsashi a arewacin birnin Ƙudus sai suka ci karo da tsofaffin kaburbura na dutse. A cikin ɗaya daga akwatunan ƙasusuwan akwai ƙashin diddigen wani mutum mai suna Yehohanan, da ƙusar ƙarfe mai tsawon kimanin santimita 11 a soke a jikinsa. Bakin ƙusar ya lanƙwashe, da alama ta tarar da gaɓa mai tauri a cikin itacen, shi ya sa masu binne shi suka kasa zare ta. Mutumin ya yi zamani a ƙarni na farko, lokacin da Rumawa ke mulkin Falasɗinu. Duk wanda ke son sanin abin da gicciye yake nufi ga mutanen wancan zamani, to ga shi nan.

Ba Rumawa ne suka ƙago wannan kisa ba, Farisawa da mutanen Kartaj sun riga su. Sai dai su ne suka mayar da shi makamin mulki. Bayi da 'yan tawaye da 'yan fashi ake yi wa, a bakin hanya inda kowa zai gani, a bar mutum tsirara ya yini ko ya kwana yana shure-shure. Bayan an murƙushe tawayen bayi na Sipatakus a shekara ta 71 kafin Miladiyya, an gicciye fursunoni kimanin 6,000 a kan hanyar da ta taso daga Kafuwa zuwa Rum. Ɗan ƙasa mai cikakken 'yanci galibi ba a yi masa haka, domin wulaƙancin ya fi ƙarfin darajarsa.

Don haka ba abin mamaki ba ne Kiristocin farko suka ɗauki ƙarni uku ba su cika zana gicciye a fili ba. A bangon maƙabartunsu na ƙarƙashin ƙasa kifi za ka fi gani, ko ƙugiyar jirgin ruwa, ko makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Ɗaya daga cikin tsofaffin zanen Yesu a kan gicciye ma ba mabiyi ne ya yi shi ba, mai ba'a ne. An gano shi a 1857 a bangon wani gini a kan tudun Falatin da ke Rum: mutum mai kan jaki a gicciye, wani yaro a tsaye ya ɗaga hannu, an kuma karce rubutu da Girkanci ana tsokanar wani Alezamenos cewa ga abin da yake bautawa. Wajen shekara ta 200 ake zaton an yi shi.

A daidai wannan zamani kuma, wani malamin Kirista a Kartaj, wato cikin Tunisiya ta yau, mai suna Tatuliyan, ya bayyana yadda mutanensa ke zana alamar da yatsa a goshi: in za su fita, in za su shiga, in za su sa takalmi, in za su kunna fitila da magariba. Alama ce da ba ta barin tabo. Maƙwabci na yi maka dariya a bango, kai kuma kana shafa goshinka a ɓoye. Tun daga nan ma'anar ta rabu biyu.

Sarki Kwastantin na Rum ne ya juya lamarin. A watan Oktoba na 312, kafin ya kara da Mazentiyos a gadar Milbiya, an ce ya ga wata alama da ta yi masa alkawarin nasara. Marubuta biyu na zamaninsa sun saɓa: ɗaya ya ce mafarki ne, ɗaya ya ce haske ya gani a sama da rana tsaka. Ko ma mene ne, ya ci yaƙi, abokin gabarsa ya nutse a kogin Tiba, kuma a 313 aka halatta addinin Kirista a daular. Marubutan da suka biyo baya sun ce shi ne ya hana kisa ta gicciyewa. Abin da jiya ake tsorata bawa da shi, yau ya hau tutar soja da kuɗin sarki.

Sai kuma aka koma neman itacen kansa. Mahaifiyar sarkin, Helena, ta ziyarci Ƙudus wajen 326, kuma kafin ƙarnin ya ƙare labari ya bazu cewa ita ce ta tono ainihin gicciyen. Wata mai ziyara daga yammacin Turai, Egeriya, ta ga yadda ake yi da shi a shekarun 380. Ranar Jumma'ar da ke gaban Ista, bishop zai zauna a gaban teburi ya danne itacen da hannu biyu, dikinoni su kewaye shi suna zare ido, jama'a su bi layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa da goshi da idanu ya sumbata. Dalilin tsaron kuwa, an ce wani ya taɓa fakar ido ya gatsi ɓalli ya tafi da shi a baki. Ina son wannan labari fiye da na sarkin, domin ya nuna yadda abin ya shiga zuciyar talaka: ba hujjar malamai yake nema ba, ɗan guntun da zai kai gida yake so.

Ko a hannun masu sassaƙa siffar ta yi ta sauyawa. A ƙofar cocin Santa Sabina ta Rum, wadda aka sassaƙa wajen 430, Yesu a tsaye yake, ido buɗe, ba alamar ciwo. Wajen 970 kuwa, a gicciyen Gero na birnin Kolon a Jamus, an nuna shi matacce, kai a sunkuye, jiki ya saki. Mai neman nasara ya sami tasa siffar, mai fama da cuta ko rashin ɗa shi ma ya sami wanda ya san zafi.

A 1095 Fafaroma Urban na Biyu ya yi kiran yaƙi a Kilamon ta Faransa, mayaƙa suka ɗinka gicciye a rigunansu. A 1099 suka ci Ƙudus, suka yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan gilla. Wannan ne Yaƙin Salibiyya, kuma tabon da ya bari bai warke ba. Da ma Musulmi da Kirista sun rabu a gindin maganar: Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi, alhali ga Kirista mutuwar nan da tashin da ya biyo ta su ne ginshiƙin ceto. Saɓanin aƙida daban, tunawa da takobi daban, amma a idon mutane da yawa sun cakuɗe. Shi ya sa bayan da aka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a Janeba a 1863, aka kuma ɗauki tutar Suwizalan mai gicciye da launukanta a juye, daga baya Daular Usmaniyya ta ce sojojinta ba za su lamunta ba. A yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878 jan jinjirin wata ta yi amfani da shi, aka amince da shi a hukumance a 1929. A 2005 sai da aka ƙara wata alama mai kusurwa huɗu, wadda ba ta tuna wa kowa komai.

Su kansu Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba. Ɗan Katolika yana son gicciye da siffar Yesu a kai. Yawancin Furotesta sun fi son shi fayau, suna cewa wanda aka rataye ya tashi. Shaidun Jehobah sun bar shi tun 1936. Kibɗawan Masar kuwa a fata suke ɗauke da shi, ɗan ƙaramin zane a wuyan hannun dama, wanda ba a cirewa ko da tsoro ya zo. A Habasha, inda Sarki Ezana na Aksum ya buga shi a kan kuɗi tun ƙarni na huɗu, ana hura babbar wuta a ƙarshen Satumba don bikin Maskal, wato bikin gicciye. A Lituwaniya akwai wani tudu kusa da garin Shawle da mutane suka cika da gicciye. Hukumomin Tarayyar Sobiyet sun share shi da katafila a 1961, suka sake a shekarun 1970, mutane na dawowa da dare suna kafa sababbi. A can ibada da ƙin mamaya sun zama abu guda. A Amurka kuma 'yan Ku Klux Klan sun mayar da ƙona shi hanyar firgita baƙaƙen fata, waɗanda da yawansu ranar Lahadi a gabansa suke durƙusawa.

Shari'ar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta Italiya. Wata uwa ta kai ƙara cewa gicciyen da ke bangon ajin 'ya'yanta a makarantar gwamnati ya tauye musu 'yanci. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba ta gaskiya a 2009, sannan babban zaurenta ya juya hukuncin a 2011. Daga cikin hujjojin gwamnati har da cewa alamar ta tarihi ce da al'adar ƙasa. Wato kafin a bar shi a bango, sai da masu kare shi suka rage masa nauyin addini, ita kuwa wadda ba ta yi imani ba ita ce ta dage cewa yana magana.

Ƙasarmu ma tana da nata rabon. A 1710 wasu limaman Katolika biyu suka taso daga Tarabulus saboda labarin da ya iske su cewa akwai masu rataya gicciye a wajen Kwararrafa. Sun ratsa hamada ta Agadas, ajali ya same su a Katsina a 1711 ba su ga abin da suka fito nema ba. A wannan Agadas ɗin har gobe maƙera na siffanta ado da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba azurfa a gurbinsa. Faransawa ne suka sa masa suna gicciyen Agadas, aka kuma jera wasu ire-irensa da sunayen garuruwa kamar Tawa da Damagaram da Ingal. Masana sun daɗe suna gardamar asalinsa, wasu su ja shi zuwa Kiristocin arewacin Afirka, wasu su ce ko kusa. Matan Buzaye da na Hausawa, Musulmi tun kaka da kakanni, suna rataya shi ranar biki, kuma in ciniki ya tashi a rumfar maƙeri, a kan nauyin azurfar ake ja-in-ja.