Yadda Aka Gano Ciwon Ƙashin Mai Sikila Daga Jini Yake

Idan hunturu ya kankama a Jos, iyayen masu sikila a Anguwan Rukuba sun san abin da ke tafe: yaro ya kwana yana kukan ƙafa da baya, alhali bai faɗi ba, bai karye ba. Mutanen da can sanyi suka ɗora wa laifi, wasu kuma iska. Sanyin yana da hannu, amma tushen cutar a jini yake, kuma an daɗe kafin a gano haka.

A 1910 likita James Herrick na Shikago ya wallafa bayanin wani ɗalibi, Walter Clement Noel, wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin ƙwayar ne ya sha bamban da na sauran mutane. Daga nan aka fahimci abin da ke faruwa a ƙashi. Iskar na raguwa, sai ƙwayar ta taurare, ta toshe ƙananan hanyoyin jini a ɓargo, wurin ya mutu. Shi ya sa jariri ke fara da kumburin hannu da ƙafa, saurayi kuma kan ƙashin cinyarsa ya ruɓe a ƙugu har ya koma ɗingishi.

Namu rabon na wannan tarihi mai ɗaci ne. A shekarun 1970, lokacin binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki ta jihar Jigawa ta yanzu, Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun tarar kusan jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haifarsu, amma da ƙyar ake samun mai ita cikin manya. Tun suna ƙanana suke rasuwa, ba wanda ya san sunan abin da ya ɗauke su.

Yau gwajin jini na gano sikila ya sauƙaƙa, ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Abin da har yanzu ke ba likita wuya shi ne rarrabe toshewar jini da ƙwayar cuta, musamman salmonela, wadda ke son mataccen ƙashi. Duka biyun zazzaɓi ne da kumburi, hoton ƙashi kuma ba ya nuna komai a kwanakin farko. Dole a ɗebi jini ko mugunya a kai ɗakin gwaji, domin wanda ƙwayar cuta ta kama sai ya yi makonni yana karɓar magani.