Ƙananan tankokin yaƙin Jamus da Poland

Ƙananan tankokin yaƙi motoci ne masu sulke marasa nauyi, waɗanda sojojin Jamus da na Poland suka gwabza da su a watan Satumba na 1939, farkon Yaƙin Duniya na Biyu.

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus mallakar tanka, shi ya sa aka fara ƙera Panzer I a ɓoye, ana kiranta taraktar noma. An soma fitar da ita a 1934. Mutum biyu take ɗauka, nauyinta ya ɗan haura tan 5, makaminta kuwa bindigogi biyu ne masu aman harsashi. An jarraba ta a yaƙin basasar Sifaniya daga 1936, inda aka ga sulkenta bai da kauri. Ƙanwarta Panzer II tana da igwa mai milimita 20.

Poland ta dogara da TKS, 'yar ƙaramar tanka mai mutum biyu da ake aikawa leƙen asiri, da kuma 7TP, wadda aka samo tsarinta daga Vickers ta Ingila. 7TP tana da injin dizal da igwar Bofors mai milimita 37, wadda ke huda sulken Panzer I da Panzer II. Sai dai ba ta da yawa, Jamus kuma ta fi Poland jiragen sama da tsarin sadarwa ta rediyo. Warsaw, babban birnin Poland, ta miƙa wuya a ƙarshen Satumba.