Ciwon Barci da Agogon da Ke Cikin Kai

A gidanmu a Gaya, idan yaro ya yi ta gyangyaɗi da hantsi, kakata takan ce, "Kai, ko ƙudan tsando ne ya cije ka?" Mu dariya muke yi. Sai da na girma na gane cewa wannan ba'a gyauron tsoro ce, tsoron wata annoba da ta girgiza Arewa a farkon ƙarni na 20.

Ciwon barci ƙwayar cuta ce mai suna tirifanosoma ke kawo shi, ƙudan tsando kuma shi ke ɗaukar ta daga jinin wani zuwa na wani. Irin ƙudan da ya fi addabar mutane a ƙasar nan yana son inuwar kurmin bakin rafi, wato daidai inda mata ke ɗiban ruwa, masunta ke su, makiyaya ke shayar da dabbobi. Duk wanda ya san yadda rayuwar mutanen Ajingi ke jingine da Kogin Haɗeja zai fahimci cewa guje wa irin wannan wuri ba abu ne mai sauƙi ba.

A shekarun 1920 da 1930 Turawan mulki sun kafa sansanin binciken ƙudan a ƙasar Katagum, a Sharifuri sannan a Gadau. Aka kuma kafa hukumar yaƙi da ciwon barci, wadda ma'aikatanta ke bi gari-gari suna taɓa wuyan jama'a don neman kumburin kaluluwa. A tsakiyar shekarun 1930, dubun-dubatar mutane ake samu da cutar a shekara guda. Allurar da ake yi a lokacin tana da sinadarin asenik, kuma takan taɓa idon wasu har su makance.

Daga nan aka ga magani kaɗai ba zai wadatar ba. A 1937 aka soma shirin Anchau a ƙasar Zazzau, inda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya taka babbar rawa. Aka sare kurmin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane kusan 5,000 daga ƙauyukansu, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cutar ta ragu, amma da tsada: an raba mutane da kufan iyayensu, kuma da gumin talakawa aka yi saran.

Abin mamaki, sunan cutar kansa ya ɓatar da mu. Da masana, irin su likitan Faransa Alain Buguet, suka auna barcin majinyata dare da rana, sai suka ga jimillar barcinsu ba ta zarce ta mai lafiya da yawa ba. Abin da ya lalace shi ne tsarinsa. Majinyaci yakan ɓingire da rana tsaka yana cikin magana, ya kwana ido biyu da dare. Dalili kuwa, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan curin jijiyoyi da ke karɓar labarin haske daga ido, yana tsara lokacin barci da farkawa cikin awa 24. Idan ƙwayar ta ƙetara daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, wannan tsari yakan wargaje, hankali ya kasa tsayawa wuri ɗaya, hali ma ya sauya. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa, a jikin ɓeraye, ƙwayar tana sa agogon jiki gudu fiye da ƙa'ida.

Yau an ci ƙarfin cutar. Tun 2018 waɗanda ake samu da ita a duniya ba su kai 1,000 a shekara ba, kuma akwai maganin haɗiya na kwana 10. Sai dai darasinta bai tsufa ba: lafiyar barci ba a yawan awoyi kaɗai take ba, tana cikin lokacinsa da ɗorewarsa. Ma'aikacin da ke raba dare yana latsa waya, ya tashi da asuba, ya yi ta gyangyaɗi a taron ofis ko, mafi muni, a bayan sitiyari a hanyar Wudil, ba shi da ƙwayar cuta a jini. Amma agogon da cutar ke ɓatawa, shi ne yake ɓatawa da hannunsa. Da kakata na raye, na san tambayar da za ta yi masa.