Harafin Kanu: Daga Alƙalamin Wurno Zuwa Allon Mota

Abin da nake so in yi tsokaci a kansa shi ne harafin kanu, watau irin harafin nan dogo siriri mai 'yan ƙafafu da ado, wanda ake buga kan labari ko sunan kanti da shi. Ba a yi shi don a karanta shafi guda da shi ba, duk wanda ya gwada zai ji idonsa ya gaji. Aikinsa ya tsai da mai wucewa.

Turawa sun ƙago shi ne saboda talla. A farkon ƙarni na 19 'yan kasuwar Landan suka buƙaci haruffan da za a hango daga nesa, sai maƙeran haruffa irin su Vincent Figgins suka fito da masu kauri da manyan ƙafafu, wajen 1815. A Amurka kuma Darius Wells ya fara sassaƙa manyan haruffa da katako a 1828, domin na dalma sun cika nauyi. Daga nan matsala ta taso: harafi in ya yi tsawo yakan yi faɗi, takarda kuwa ba ta ƙaruwa. Shi ya sa aka matse shi, aka ja shi sama.

To, a daidai wannan zamani Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana gina ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837 aka kuma binne shi. Marubutan wannan gari suna da nasu harafin kanun, amma hanyarsu ta saɓa wa ta Turawa. Takarda daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, a kan raƙuma, saboda haka tsada gare ta. Sai marubuci ya matse matanin littafi layi kusa da layi, in ya zo kan babi kuma ya ɗauki alƙalami mai faɗin baki, ya tsoma a jar tawada, ya ja harafi ɗaya har ya kusa cinye layi. Bature yana jan nasa sama, malaminmu yana jan nasa a kwance. Wannan bambanci ya fi komai ba ni sha'awa a cikin maganar nan. Rubutun kuwa ɗan asalin Magarib ne: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Ko sunayen da muke kiran baƙaƙe da su a makarantar allo, kamar mim jaye da ɗa mai hannu, siffar harafin suke bayyanawa, abin da ke nuna kakanninmu sun daɗe suna duban ƙirarsa. Da irin wannan hannu aka kwafi Infaƙul Maisuri da waƙoƙin Nana Asma'u, kuma shi Barth ya tarar lokacin da ya sauka Wurno a 1853, zamanin Aliyu Babba.

Bayan 1903 boko ya shigo. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, yana cikin yaran da suka riƙi allo kafin su riƙi sileti. Amma boko ya zo da gurgunta, domin Hausa tana da sautukan da Turanci ba shi da su. Sai a shekarun 1930 aka tsai da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, a shekarun 1950 kuma Lardin Sakkwato ya sami tasa jaridar, Zaruma.

A nan gizo yake saƙa. Yawancin haruffan kanu an ƙera su ne don Turanci, babu Ƙ babu Ɗ a cikinsu. Ko an so a ƙara, harafi matsattse ba ya barin fili, lanƙwasar Ɗ tana fita hagu ta taɓa maƙwabcinta. Sai mai bugawa ya watsar da ita. Shi ke nan baƙi suka koma baki, ƙasa ta zama kasa, kuma a wurin da harafi ya fi girma, inda yaro mai koyon karatu ya fi gani.

Masu rubutun mota da allon kanti ba su da wannan damuwa, don da buroshi suke aiki. Na sha tsayawa ina duban manyan motocin da ke ɗaukar albasa daga Goronyo da Wurno. Allon goshin mota gajere ne, karin maganar da mai mota yake so kuwa doguwa, sai mai fenti ya matse haruffa, ya yi musu ƙafafu da inuwa da launi biyu. Wanda ya yi karatun Hausa a cikinsu yakan lanƙwasa kan ƙ ɗinsa ba tare da ya jira Landan ba.

Yau allon roba da ake bugawa da kwamfuta ya fara ture masu fenti, tsohuwar matsalar kuma ta dawo: a tsakiyar kalma mai ado sai ka ga ƙ ta fito da wata kama dabam, ko ɗan akwati a gurbinta. Ajami shi ya ɗan ci sa'a, domin a 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da harafin kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano mai kauri. Sunan nasa ma da k maras lanƙwasa aka rubuta shi.