Dokar Feshi a Kewayen Makarantun Kalifoniya: Nazarin Ƙa'idar Rubu'in Mil da Awa Goma Sha Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dokoki biyu na jihar Kalifoniya ta Amurka da aka yi domin kare ɗalibai daga magungunan ƙwari. Ta nuna cewa an gina su ne a kan ciwon da ke bayyana nan take bayan feshi, aka yi sakaci da gubar da yaro ke shaƙa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru.

Gabatarwa da Waiwaye

Tun a 1993 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa ba a auna yaro da ma'aunin babba a sha'anin guba. Idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, yaro ya fi babba ci da sha da shaƙar iska, ga ƙwaƙwalwarsa tana kan girma. Rahoton ya share fagen dokar tarayya ta 1996, wadda ta ƙara ninki goma na kariya saboda yara, amma ita kan abinci ta fi karkata. An sha gabatar da ƙudurin kare muhallin makarantu a majalisar tarayya bai wuce ba, sai nauyin ya koma kan jihohi. Niyok, alal misali, ta hana feshi a filayen wasan makarantu a 2010.

Aikin da ya fi tasiri a wannan fage shi ne na Walter Alarcon da abokan aikinsa, wanda ya fito a mujallar JAMA a 2005, kuma da yadda ake karanta shi ne maƙalar nan ke jayayya. Sun ƙidaya mutum 2,593 da suka kamu da rashin lafiya saboda maganin ƙwari a makarantun Amurka daga 1998 zuwa 2002. Daga cikin 406 da aka san tushen cutarsu, kashi 69 cikin ɗari maganin da aka fesa cikin makaranta ne ya same su, kashi 31 kuma wanda iska ta kwaso daga gonaki. Ana yawan kafa hujja da waɗannan alkaluma a ce matsalar tana cikin shingen makaranta, kuma galibinta mai sauƙi ce. Sai dai binciken ya ƙidaya ne kawai waɗanda ciwon kai, amai ko zafin ido ya kama har aka kai rahoto. Yaron da ya shaƙi guba bai yi tari ba babu shi a lissafi. Laifin ba na masu binciken ba ne. Na wanda ya ɗauki ma'aunin ciwon gaggawa ya mai da shi ma'aunin lahani gaba ɗaya ne.

Hanyar Bincike

An karanta matanin dokokin biyu, aka gwada tanadinsu da rahoton Ma'aikatar Lafiyar Jama'a ta jihar na 2014 da kuma binciken CHAMACOS kan lafiyar yara a Kwarin Salinas.

Sakamako

Dokar Makarantu Masu Lafiya ta shekarar 2000 ba ta buƙatar dogon bayani. Ta wajabta a sanar da iyaye kowace shekara magungunan da za a yi amfani da su, a kafa allon gargaɗi awa 24 kafin feshi, a bar shi awa 72 bayansa. Sanarwa ce, ba hani ba, kuma ikonta ya tsaya a ƙofar makaranta.

Ƙa'idar da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2018 ita ce ta leƙa bayan shinge. Ta hana feshi da jirgin sama, da injin busa magani a gonakin itatuwa, da magungunan turara ƙasa, a cikin rubu'in mil, wato kusan mita 400, daga makarantun gwamnati da gidajen renon yara, daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. A nan gizo ke saƙa. Manomin da ya kammala busa magani kafin shida na safe bai karya doka ba, ko da yara sun iso da ƙarfe takwas raɓar maganin tana kan lilo da bencin cin abinci, suna dafawa suna kai hannu baki. Maganin turara ƙasa ya fi wannan wuyar sha'ani. Kafin dasa sitiroberi ana cusa shi cikin ƙasa, a shimfiɗa leda a kai, shi kuma ya riƙa tashi a matsayin iska kwana da kwanaki. Ƙa'idar ta ce a bar awa 36 tsakanin kammala aikin da dawowar ɗalibai, don haka turaren da aka gama ranar Asabar da rana ya halatta, alhali ranar Litinin ƙasar ba lallai ta gama fitar da shi ba. Kuma ba ƙaramin sashe ba ne na matsalar. Rahoton 2014 ya duba makarantu 2,511 a gundumomi 15, ya gano cewa a 2010 an yi amfani da magunguna masu haɗari a cikin rubu'in mil na kashi 36 cikin ɗari daga cikinsu, kuma magungunan turara ƙasa irin su kulorofikirin da 1,3-D ne suka fi nauyi a lissafin. Yiwuwar yaro ɗan asalin Latin Amurka ya kasance a makarantun da feshi ya fi yawa a kusa da su ta zarce ta farar fata da kashi 91 cikin ɗari. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan leburorin gonakin ne.

Za a iya cewa babu hujjar da ta nuna shaƙar kaɗan a makaranta tana cutarwa, kuma faɗaɗa tazarar zai ci gonakin mutane. Gaskiya ne cewa sakamakon CHAMACOS na 2011, wanda ya sami gibin kusan maki bakwai na ƙwazon fahimta a 'yan shekara bakwai, ya shafi gubar da ta shiga jikin uwa ne lokacin goyon ciki. Amma ƙa'idar 2018 da kanta ta haɗa da gidajen renon jarirai, kuma dokar 1996 ta riga ta yanke cewa inda bayani bai cika ba, yaro ake ba rinjaye. Batun asara kuma yana da nauyi, musamman ga ƙaramin manomi da gonarsa duka ta faɗa cikin da'irar. Sai dai tsawaita jiran bayan turare, ko mayar da shi lokacin hutun makaranta, bai raba kowa da gonarsa ba. Abin da ya taɓa shi ne jadawalin dashe, kuma wannan kuɗi ne da ake iya lissafawa a tallafa.

Iyakokin Bincike

Maƙalar ba ta auna iskar kowane aji ba, kuma kusancin feshi da makaranta ba shi ne adadin abin da ya shiga jikin yaro ba. Alkaluman 2010 sun riga ƙa'idar 2018, kuma jihar ta hana maganin ƙwarin kulofirifos a 2020. An iya yin wannan nazari ne domin tun 1990 Kalifoniya ke tilasta wa manoma kai rahoton kowane feshi. A wuraren da manomi ke sayen magani a kasuwa ya fesa ba rubutu, sai an fara da wani ma'aunin dabam.