Zanen Aro: Tarihin Shirin Tazarar Haihuwa da Kuɗinsa, Daga Ikko Zuwa Mandera

Mandera gunduma ce a cikin ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar ƙasar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, mai tsohon tarihi, gama a Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a cikin shekara ta 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta. A ƙidayar 2006 an sami mutum kimanin 175,000 a ƙaramar hukumar Boɗinga, da kimanin 156,000 a ta Shagari. Dalilin da ya sa muka zaɓi nan mu tsaya shi ne, duk shirin da hukuma ta tsara a Ikko ko Abuja, ba a sanin amfaninsa sai an zo wuri irin wannan an duba abin da ya iso. Nufinmu a cikin wannan 'yar takarda mu bi tarihin shirin tazarar haihuwa na Nijeriya, mu ga wanda ya tsara shi, da wanda ya biya, da abin da ya kai ga matan ƙauye.

Kafin zuwan shirin hukuma

Kada mai karatu ya zaci ba da tazara tsakanin haihuwa baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mace ta kan tafi gidan iyayenta wankan jego, musamman a haihuwar fari, ta kan kuma shayar da ɗanta wajen shekara biyu kafin yaye. Wadda ta sami ciki tana goyo a kan ce ta yi kwanika ko rurrutsa, abin kunya ne a gare ta da mijinta, domin an san yaron da ke baya shi zai sha wahala. Malamai kuma sun san hukuncin azalu, akwai babinsa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka shar'anta yardar mace 'yantacciya. Wannan tsari na gida ba ya bukatar baitulmali. Ungozoma da kaka da uwar miji su ne ma'aikatansa, kunya kuwa ita ce dokarsa.

A zamanin En'e an gina ɗakunan shan magani a manyan garuruwan Lardin Sakkwato, ana biyan ma'aikatansu daga baitulmali, watau daga haraji da jangalin talakawa. Aikinsu wankin gyambo ne da maganin zazzaɓi da lamba, babu ruwansu da maganar haihuwa. Amma akwai abu guda da ya kamata a riƙe: mai biyan kuɗin da mai shan maganin duk mutum ɗaya ne.

Yadda aka fara

Ƙasar Indiya ce ta fara kafa shirin tsara iyali na ƙasa baki ɗaya, a cikin 1952. A Afirka ta baƙar fata Kenya ta bi a 1967, Gana ta fito da tata manufa a 1969. A Nijeriya kuwa hukuma ba ta fara ba, waɗansu likitoci da mata masu ilmi ne na Ikko, watau Legas, suka kafa majalisar tsara iyali a 1964, saboda yawan matan da su ke gani suna hallaka wajen zubar da ciki a ɓoye. Ita ce daga baya ta zama ƙungiyar da a ke kira PPFN. Galibin kuɗinta daga ƙungiyoyin Ingila da Amurka su ke fitowa, asibitocinta kuma a biranen Kudu su ke.

Gwamnati ta daɗe tana kallon abin daga nesa, bisa dalili biyu. Na farko, yawan jama'a a Nijeriya jari ne na siyasa, da shi a ke raba kujeru da kuɗin ƙasa. An sha rigima a kan ƙidayar 1963, ta 1973 kuwa soke ta aka yi gaba ɗaya. Wanda ya san da yawansa ya ke cin rabo, da wuya a lallashe shi ya rage. Na biyu, kuɗin man fetur sun shigo a cikin shekarun 1970, lokacin da Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa da mu ke magana a kanta, ya ke Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975. A wannan zamani na yalwa, mahukunta ba su ga wata gaggawa ba.

Manufar 1988

Da farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, sai magana ta sake. A cikin 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, da Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, suka fito da manufar ƙasa ta farko a kan yawan jama'a. An shawarci kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, ba tilas, aka kuma sa gurin rage ƙaruwar jama'a daga fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara zuwa kashi 2 kafin shekara ta 2000. Abin lura a nan, mace aka ƙidaya wa, ba a ƙidaya wa namiji ba, alhali a ƙasa irin ta Sakkwato ba a zuwa asibiti sai da izinin maigida.

To, ina kuɗin? Hukumar Amurka mai ba da taimako ga ƙasashen waje, wadda aka sani da USAID, ta ɗauki nauyin wani shiri na shekara biyar na dala miliyan 67. A 1991 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 78.5 domin wannan aiki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Tun da baƙi ke biya, da ma'aunin baƙi aka auna aikin, watau yawan bakunan da za a rage. Sunan da aka laƙaba masa da Hausa ma, ƙayyade iyali, ya ishe shi baƙin jini, gama Musulmi ya san ƙayyade rai da arziki na Allah ne. Talaka kuwa yana da tambaya mai ƙarfi. A daidai wannan lokaci aka fara karɓar kuɗin magani a asibitocin gwamnati, har maganin zazzaɓin ɗansa sai ya saya. Yaya aka yi wanda bai taimake shi ya rayar da ɗan da ya haifa ba, ya zo yana rarrashinsa kada ya haifi wani? Wata masaniya Ba'amurkiya, Elisha Renne, ta yi bincike a Zariya ta buga shi a 1996, ta kuwa iske irin wannan zargi a bakin jama'a.

Ba a je ko'ina ba aka ga aibin dogara ga baƙo. Bayan soke zaɓen 1993 dangantaka ta ɓaci tsakanin Amurka da gwamnatin soja, aka tsai da taimakon da ke bi ta hannun gwamnati, kaya suka yanke a asibitoci. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, da janye allurar shan inna a Kano a 2003 bisa tsoron tana hana haihuwa, duk sun ƙara nuna zurfin rashin yarda. Shekara ta 2000 ta zo ta wuce, ba a cim ma gurin ba. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna matan aure masu amfani da hanyoyin zamani ba su kai 4 cikin 100 ba a 1990, a 2003 kuwa kimanin 8.

Kyauta da alkawari

An sabunta manufar a 2004 zamanin Obasanjo, aka sake sabunta ta a 2022 zamanin Buhari. Sannu a hankali aka bar cewa ƙayyade iyali, aka koma cewa tazarar haihuwa, aka jingina aikin ga ceton ran uwa da ɗa. Wannan magana ce da malami da ungozoma za su iya saurara, domin tsohuwar al'ada ce aka zo mata da sabon kayan aiki: ƙwaya, da allura, da 'yar ashanar da a ke sa wa mace a damtse.

A cikin 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan nan kyauta ne a asibitocinta, ta kuma yi yarjejeniya da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, za ta riƙa zuba dala miliyan 3 kowace shekara a saye su. A taron Landan na 2012 ta yi alkawarin ƙara dala miliyan 8.35 a shekara har shekara huɗu, da kai yawan masu amfani zuwa 36 cikin 100 kafin 2018. A 2017 aka sassauto zuwa 27 cikin 100 kafin 2020. Sau da yawa kuɗin da aka rubuta a kasafi ba su fita cikakku ba, ko kuwa suka fita a makare, baƙi suka ci gaba da cike giɓin.

Sai a duba tafiyar da kayan ke yi. Tarayya ke saye, ta ajiye a babban sito a Oshodi ta Ikko. Daga can zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Daga siton jiha kuma sai an sami mota da mai a kai wa ƙaramar hukuma, daga nan a kai ƙaramin asibitin gunduma. Kowane zango da mai biyansa dabam, in ɗaya ya gaza duk tafiyar ta tsaya. In kayan sun iso ma, sai an sami ma'aikaciya mace wadda ta iya aikin, da safar hannu da auduga da maganin wanke fata, waɗanda sau da yawa kyautar ba ta haɗa da su. Saboda ƙarancin ma'aikata ne a 2014 aka yarda ƙananan ma'aikatan lafiya na karkara su koyi sa ashanar, aikin da dā sai likita ko ungozomar asibiti. Binciken 2018 ya nuna inda aka kwana: 12 cikin 100 a ƙasa duka, 29 a Ikko, kimanin 2 a Jihar Sakkwato, inda mace kan haifi 'ya'ya wajen bakwai. Binciken ya kuma ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya.

Abin da Sakkwato ta gwada

Akwai wani aiki da ya cancanci a tuna. Daga 2009 zuwa 2015 an gudanar da shirin TSHIP a jihohin Sakkwato da Bauci da kuɗin USAID. A cikinsa aka farfaɗo da kwamitocin raya gunduma, aka koyar da mata 'yan sa kai, goma a kowace ɗaya daga gundumomi 244 na jihar, har da Mandera, suna shiga gida gida. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, gwamnatin jiha ta sa kuɗinta ta sayi ƙwayar tsai da zubar jini bayan haihuwa da man shafa wa cibiyar jariri, aka raba wa masu haihuwa a gida. Sarakuna da malamai suka sa baki, jama'a suka karɓa. Wanda ya san tarihin ƙasar nan zai tuna da 'Yan Taru na Nana Asma'u, da jajis ɗinta masu kai karatu ƙauyuka. Mace ce ta gari ta shiga wurin 'yar'uwarta, da abin da ke ceton rai a hannunta, wanda aka saya da kuɗin gida. Ta wannan ƙofa maganar hutun haihuwa ta kan sami shiga, ko da ya ke alƙaluman 2018 sun nuna tafiyar da sauran nisa.

Inda aka tsaya

Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna an ɗan matsa: 15 cikin 100 a ƙasa duka, haihuwar mace ɗaya kuma ta sauko daga 5.3 zuwa 4.8. Amma ƙafar da aikin ke tsaye a kanta ta aro ce. A 2021 Ingila ta zabtare kashi 85 cikin 100 na abin da ta yi niyyar bai wa asusun sayen kaya na UNFPA. A 2025 Amurka ta rufe USAID ɗungurungum. A cikin wannan shekara kuma abin da kasafin Tarayya ya keɓe wa aikin ya faɗo daga wajen naira biliyan 2.2 zuwa wajen naira miliyan 66. Abin da ya faru bayan 1993 shi ya sake faruwa, sai dai yanzu akwai matan da suka riga suka saba da zuwa karɓa.

Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Fiye da shekara sittin ke nan tun 1964 ana tsara wannan aiki daga nisa, ana biyansa daga inda ya fi nisa. Hanyar gyara kuwa tana cikin dokokinmu. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci. Abin da ya rage shi ne jiha da ƙaramar hukuma su rubuta kuɗin mota da na safar hannu da albashin ma'aikaciya a cikin nasu kasafi, su kuma fitar da su a kan kari, sa'an nan kwamitin gunduma ya san abin da aka aiko ya ƙidaya shi. Matar Mandera da ta haihu bara, ta ke neman hutu bana da yardar mijinta, ba ta san Oshodi ko Landan ba. Abin da ta sani shi ne ko ta iske maganin ran da ta je, ko ta koma gida hannu wofi. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya raya mana zuriya, amin.