Ayarin da Ya Kawo Mario Illo

Duk wanda ya tashi ba da tarihin Illo, da wuya ya wuce abubuwa uku: sarauta, fatauci da iyaka. Za a ce maka Illo na cikin manyan garuruwan ƙasar Bargu, ita da Busa da Nikki, waɗanda labarin baka ya danganta kafuwarsu da zuriyar Kisra. Za a ce maka ta wannan yanki wasu ayarin fatake ke ƙetare kogin Kwara a hanyarsu ta zuwa Gwanja, su tafi da kanwa da tufafi, su komo da goro. Za a kuma ce maka a ranar 14 ga Yuni, 1898, wakilan Ingila da Faransa suka sa hannu a birnin Faris kan yarjejeniyar da ta raba Bargu biyu, har suka ambaci Giris, mashigar jiragen ruwan Illo, suka auna mil goma daga can zuwa saman kogi, suka ce nan ne iyaka. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, daga baya aka haɗa Illo da Masarautar Gwandu.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai tarihin manya ne. Abin da yara suka yi da dararensu ba ya shiga littafi, alhali a wasan yara ake fara ganin inda zamani ya dosa. Ni ina cikin waɗanda suka yi ƙuruciya a Illo a shekarun 1990, lokacin da Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, take jaririya. A idonmu wasan bidiyo, wanda muke kira gem, ya shigo gari, ya yi tashe, ya kuma canja kama. Abin da nake son nunawa shi ne, gem ya biyo tsohuwar hanyar fatake ya zo mana, mu kuma muka karɓe shi da tsohuwar al'adarmu ta dandali.

Asalin na'urar yana da nisa ƙwarai. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan ya fara ne da buga katin karta a 1889, shekara tara kafin a shata iyakar da ta ratsa Bargu. A watan Yuli na 1983 ya fitar da wata 'yar na'ura mai launin fari da ja, mai suna Family Computer, wadda ake jonawa da talabijin, a 1985 kuma ya fitar da wasan Super Mario Bros. Ta ainihin ba ta taɓa zuwa hannunmu ba. Abin da ya iso mana shi ne kwaikwayonta da masana'antun Taiwan da na ƙasar Sin suka riƙa ƙerawa da araha. Irin waɗannan kaya ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su haura ta Paraku da Kandi, tafiyar fiye da kilomita 700, har zuwa babbar kasuwar Malanville. Daga can sai ƙananan 'yan kasuwa su biyo da su ta Madekali da Lolo, wani a kan babur, wani a cikin kwale-kwale, tsakanin dilar gwanjo da katan ɗin batir. Jikokin masu jakunan goro ne suka ɗauko mana Mario.

Na farko da na gani a shagon wani mai gyaran rediyo ne, wanda muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, saboda haka batirin mota ne ke ɗauke da ƙaramar talabijin mai hoton baƙi da fari. Mun daɗe muna wasa kafin mu san cewa hular Mario ja ce. Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta a bayansa cewa wasanni 999 ke ciki, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa da sababbin sunaye. Idan ya ƙi tashi, a zare shi, a hura masa iska, a goga a riga, a mayar da bisimilla. Akwai kuma bindigar roba ta harbin agwagwa, da karen nan mai leƙowa daga cikin ciyawa yana yi wa wanda ya kuskure dariya. Ban san yaron Illo da bai taɓa auna wannan kare ba.

Masu ƙera na'urar sun yi ta ne domin iyali guda a cikin ɗaki guda, shi ya sa hannayenta biyu ne kacal. A Illo sai ta tarar da yara ashirin. Nan take doka ta samu, ba tare da kowa ya zauna ya tsara ta ba, domin akwai ta a gindin bishiyar da dattawa ke buga dara: wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. Mai naira biyar ya riƙe hannu, marar ko kwabo ya tsaya a baya yana ba da shawara, kuma ba a korar ɗan kallo. Wanda ya zo da 'yar Murtala a ranar salla, shi ne sarkin yini, amma kunya ba ta barinsa ya cinye ta shi kaɗai. Kuɗin kuwa gumi ne: korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, dakon kaya ranar kasuwa, taya masunta jan koma. Saboda haka gem ma yana da damina da rani. Da ruwa ya sauka shagon zai yi tsit, sai an yi girbi ya sake cika.

Rubutun da ke fitowa a allon, wani na Japananci ne, wani na Turancin da ya fi ƙarfinmu. Wannan bai hana mu fahimtar labarin ba, domin mun riga mun san shi. Dodo ya sace 'yar sarki, wani ɗan talaka ya bi sawu, ya ƙetare ramuka da ruwa da wuta, ya ci wani abu ya ƙara girma, ya isa gidan dodo aka ce masa ba nan take ba, sai ya ƙara gaba. Wace tatsuniya ce ba haka take ba? Wata rana wani dattijo, abokin kakana, ya tsaya a bakin shagon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni: “Kai jikana, wanga ɗan guntun mutum, mi yas sa shika gudu haka?” Na ce, “Baba, 'yar sarki zai ceto.” Ya gyaɗa kai ya ce, “To, Allah shi ba shi sa'a,” ya wuce masallaci. Bai ga wani baƙon abu a ciki ba.

Na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Duniyoyin Mario takwas ne, kowace da matakai huɗu, kuma ko kana bakin ƙofar dodo na ƙarshe, idan batir ya mutu, gobe daga farko za ka soma. Don haka ilimin wasan a ka yake zama, daga baki zuwa baki yake yawo, kamar yadda madugu ke riƙe da sunayen zango da rijiyoyi. Wane ne ya san bulon da ke ɓoye da ƙarin rai, wane ne ya san bututun da ke tsallakar da mutum zuwa duniya ta huɗu. A wasan Contra na kamfanin Konami, mai rai uku kacal, akwai sirrin samun rai talatin: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, sannan B da A. Wani yaro ne da ya je wurin 'yan'uwansa a Gaya ya zo mana da shi, muka haddace kamar karatu. Har yau ina mamakin yadda sirrin da aka dasa a wani ofishi a Japan ya iso bakin Kwara ba jarida, ba intanet, sai bakin yara. Wasan da ya fi dacewa da halinmu kuwa shi ne na tankokin yaƙi, Battle City, inda mutum biyu ke tsaron gaggafa ɗaya. In ɗaya ya yi son kai ya tafi farauta, gida ya faɗi, duka biyun sun tashi.

Iyaye da malamai ba su karɓi abin hannu biyu ba, kuma suna da hujja. An sami yaran da suka riƙa zille wa makarantar allo, an sami waɗanda suka taɓa kuɗin cefane, an kuma ji tsoron kada a mayar da wasan caca. Ba a rufe shagon ba, sai aka yi masa iyaka irin ta gari: da an kira salla a kashe, ba a kunnawa lokacin makaranta, wanda aka kama da sa kuɗi a tsakani ya bar wurin. Akwai kuma hasarar da ba a lura da ita ba sai daga baya. Daren farin wata da muke cikawa da langa da ɓuya ya fara raguwa, tsofaffi mata masu tatsuniya suka fara rasa rabin masu sauraronsu.

Rabin da ya rage musu 'yan mata ne, domin shagon gem na maza ne. Yarinya mai talla takan tsaya daga bakin ƙofa da farantinta a ka, ta saci kallo, ta wuce. Abin da ya shigar da gem cikin gida shi ne 'yar na'urar hannu mai batir biyu, mai wasan jera bulo. Asalin wannan wasa, Tetris, wani masanin kwamfuta ne mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a birnin Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyet, 'yan Sin suka zuba shi a roba mai araha. A gidanmu yayata ce gwanarsa. Takan gama daka ta zauna a bakin murhu tana jera bulo, ba wanda ya taɓa kamo makinta a cikinmu. In batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana, mu ɗan cije shi, ya ƙara mana rabin sa'a.

Zamani na biyu ya zo da faifai. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation a watan Disamba na 1994, ya ɗauki shekaru kafin tsofaffinta su gangaro mana tare da ƙananan janareta da talabijin mai launi. A lokacin ƙwallo ta riga ta mamaye zukata, tun da Nijeriya ta ci kofin Afirka a 1994, ta kuma doke Brazil da Ajantina ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Wasan Winning Eleven ya ba ɗan masunci damar zama Kanu ko Okocha na minti goma, mai sharhi yana ta ihu da Japananci. A nan ne iyakar 1898 ta fito fili a cikin wasa. Yaran da suka zo cin kasuwa ko biki daga tsallake, 'yan makarantar Faransanci, sukan ɗauki Faransa, wadda ta ci kofin duniya a 1998, mu kuma mu ɗauki Nijeriya. Ana zolaya da Hausa, a rama da Dandanci, a ƙirga ci da Faransanci, a biya da naira ko da sefa. Sau da yawa wanda ka ci ɗin ɗan gwaggonka ne. Turawa sun raba ƙasar kakanninmu a kan takarda, mu kuma muna sake buga rabon a kan benci ɗaya, mu tashi mu ci tuwo a akushi ɗaya.

Ƙarshen wannan zamani ya fara ne da wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta kuma iso garuruwan bakin iyaka bayan wasu shekaru. Wasan maciji na wayar Nokia shi ne gem na farko da namiji babba ya buga ba tare da jin kunya ba, shi ne kuma ya koya mana sunkuyar da kai mu kaɗai. Da manyan wayoyi suka yawaita, sai gem ya daina buƙatar ɗan kasuwa. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafa da gwanjo sun tsaya, amma yara sun ci gaba da tura wa juna sababbin wasanni daga waya zuwa waya. Hanyar da ta kawo goro, ta kawo rediyo, ta kawo Mario, wannan karon ba a bi ta kanta ba.

Ba na cewa yaran yau sun fi mu hasara. Wasanninsu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, yarinya kuma ba ta buƙatar tsayawa a bakin ƙofar kowa. Sai dai rashi ne ya tara mu, wadata ta raba su. Hannu biyu a tsakanin yara ashirin ya koya mana jiran layi, da haƙurin shan kaye a gaban jama'a, da murnar nasarar wani. Waɗannan su ne darussan langa da dara, na'urar Japan ta riƙe mana su na ɗan lokaci kafin ta wuce.

Abin da ke damuna shi ne wannan zamani bai bar kufai ba. Na'urorin jabu ne, sun fashe an zubar, kaset ɗin sun zama abin wasan ƙanne, shagunan sun koma wuraren cajin waya. A Kyoto an buɗe gidan tarihin Nintendo a 2024, amma abin da ke ciki labarin masu ƙerawa ne. Labarin masu hura kaset a bakin Kwara yana kawunan mutanen da yanzu suka kama shekara arba'in, manoma da malamai da 'yan kasuwa da matan aure. Kakanninmu sun tafi da waƙoƙin dandali masu yawa saboda an ɗauka wasan yara bai cancanci tawada ba. Ya kamata ɗaliban tarihi da na adabi su zauna da mutanen zamaninmu tun ana tunawa, su tambaye su wa ya kawo, ta wace hanya, nawa ake biya, wane suna aka ba kowane dodo, su rubuta.